Amsa ga mai son zuwa Grand Canyon da mota a watan Yuli, har ya sauka kogi ya dawo a yini ɗaya

Tambayar a taƙaice ita ce: wani ɗan uwa zai ɗauki hayar mota a Las Vegas cikin watan Yuli, shi da maiɗakinsa da yaransu biyu da wani abokinsa, kwana biyar gare su, yana so su ga Grand Canyon, ƙaton kwazazzabon nan da ke gandun ƙasa a jihar Arizona ta Amurka, ta bakin kudu da bakin arewa, su leƙa matsattsen kwazazzabon Antelope Canyon, su shiga gandun Zion, in da hali har gandun Bryce, sannan shi da abokin suna da niyyar sauka har bakin kogin Kolorado da ke ƙasan kwazazzabon su hauro a yini ɗaya, tunda a cewarsa suna motsa jiki kuma zafi ba baƙonsu bane. Yana tambaya ko tsarin ya yi.

Toh Malam, tafiyar zata yiwu kuma zaku ji daɗinta insha Allah, amma maganar sauka kogi a dawo a yini ɗaya cikin Yuli, dan Allah ka cire ta gaba ɗaya daga lissafi. Na daɗe ina kai mutane yawo a wannan yanki na kwazazzabai, kuma babu abin da yake tayar min da hankali irin in ji mutum mai ƙarfi a jika yana wannan maganar, domin masu ƙarfin ne suka fi shiga matsala. Mai rauni tun a mil ɗaya jikinsa ke gaya masa gaskiya ya juyo. Mai ƙarfi kuwa sai ya yi ta zurawa ƙasa yana jin kansa garau, sai da ya kai inda ba mai ɗauko shi da sauri sannan abin ya bayyana.

Ga yadda abin yake. Wanda ya saba hawan dutse ya saba wahala ce a farko, in ya gaji ya juyo gangara ta kawo shi gida. A kwazazzabo an juya abin ne, sauƙin ne a farko, da sanyin safiya, ƙafa na tafiya da kanta, hawan kuma yana jiranka a ƙarshe lokacin da ƙarfinka ya ƙare, ruwanka ya yi ƙasa, rana ta take tsaka. Kuma duk yadda kake ƙara sauka zafin ƙaruwa yake. Bakin kudu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, a Yuli zafin rana a can bai cika wuce digiri 29 zuwa 30 ba, har da 'yar iska mai daɗi a ƙarƙashin itatuwa, shi yasa yake yaudarar mutane. A can ƙasa wajen masaukin Phantom Ranch kusa da kogin Kolorado, matsakaicin zafin rana a Yuli digiri 41 ne, kuma yakan doshi 49 a inuwa, in ma ka samu inuwar. Duwatsun ƙasan baƙaƙe ne, suna shan rana tun safe suna maido maka da ita ta gefe da ta ƙasa, kamar an tura ka cikin tanda an rufe. Idan ka sauka ta hanyar ƙafa ta South Kaibab mil 7 ne zuwa sansanin da ke bakin kogi, gangarar kusan mita 1,450, babu ruwan sha ko ɗigo a kan hanyar, inuwa ma kaɗan ce ƙwarai. Ka hauro ta hanyar Bright Angel mil 9 da rabi. Haɗa su, sama da kilomita 26 kenan, kuma ƙa'idar da jami'an gandun suke maimaitawa kullum ita ce hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Su da kansu sun rubuta a alluna cewa kar a gwada zuwa kogi a dawo a yini ɗaya, kuma duk shekara sai sun ceto sama da mutum 250 daga cikin kwazazzabon. A Yulin 2004 wata ɗalibar likitanci 'yar shekara 24, wadda ta yi tseren gudun yada ƙanin wani na Boston a wannan shekarar, ta rasu a ciki saboda zafi da ƙarancin ruwa. Yarinyar ta fi yawancinmu lafiya da horo nesa ba kusa ba.

Maganar cewa kun saba da zafi, ban musa ba. Amma zafin da mutum ya saba zama a cikinsa daban yake da wanda zai hau tudun mita dubu da ɗari huɗu a cikinsa da jaka a baya. Iskar can busasshiya ce ƙwarai, gumi na fitowa yana bushewa nan take, rigarka bata jiƙewa, sai dai kaga farin gishiri ya zana maka layi a kafaɗa da bakin hula, kai kuma kana ganin ai ba gumi kake ba alhali ruwa na fita daga jikinka lita bayan lita. Sannan akwai ɗaya gefen da mutane basu sani ba, wanda ya tsorata da ƙishi ya yi ta ɗirkar ruwa zalla ba ya cin komai, gishirin jininsa sai ya yi ƙasa, ya fara tashin zuciya, ciwon kai, yawan fitsari, rikicewar tunani, alamomin suna kama da na wanda zafi ya buga, abokan tafiya su ƙara ɗura masa ruwa abin ya ƙara lalacewa. Don haka ruwa da abinci mai gishiri tare suke tafiya, duk sanda ka sha ka ɗan ci wani abu, gyaɗa mai gishiri ko biskit ko cips. In kaga wani ya daina magana daidai, yana tangaɗi, ko fatarsa ta yi zafi jau yana sambatu, wannan ba na jira bane, a kai shi inuwa a jiƙa shi sharkaf da ruwa a yi ta fifita, a nemi taimako.

Abin da zan baku a madadinsa, kai da abokin naka ku tashi tun duhu, ku hau motar bas ta gandun, ta layi mai launin ruwan lemu, domin ba a barin motar gida ta je bakin South Kaibab, ku fara sauka gari na wayewa. Ƙasa da mil ɗaya zaku kai Ooh Aah Point, wajen da bangon da ya tare muku gabas yake ƙarewa kwatsam kwazazzabon ya buɗe gaba ɗaya, wallahi ko nan kaɗai kuka tsaya kun ci riba. In jiki ya yarda ku ƙarasa Cedar Ridge, mil ɗaya da rabi daga sama, akwai fili da banɗaki amma ba ruwa. Nan ne iyaka a lokacin zafi, haka hukumar gandun ta ce kuma haka nima nake cewa. Ku juyo, kafin ƙarfe 10 kuna sama. Tsakanin 10 na safe da 4 na yamma ba lokacin tafiya a ƙasan baki bane. Da yara kuma Bright Angel ta fi, ku ɗan sauka zuwa ramin farko da aka fasa cikin dutse ko gaba kaɗan, su ji yadda bangon yake tashi a kansu, ku dawo. Akwai rumfar hutu a mil ɗaya da rabi da kuma mil 3 inda ake samun famfo lokacin zafi, amma bututun da ke kawo ruwan tsoho ne tun shekarun 1960 kuma yana yawan fashewa, ana ta aikin sauya shi har ana rufe wasu sassan hanya, saboda haka ka tambaya a cibiyar baƙi ranar da ka isa, kar ka dogara da famfo. In kun haɗu da ayarin alfadarai ku koma gefen bango, ba gefen rami ba, ku tsaya cik ku yi shiru har su wuce, ku bi abin da mai jan su ya ce.

In har zuciyarka na kan kogin nan, akwai hanyarsa: Oktoba ko Afrilu ko Nuwamba, ka kwana a ƙasa, da famit na sansanin Bright Angel da ke bakin kogi ko gurbi a Phantom Ranch wanda ta ƙuri'a ake samu tun sama da shekara kafin lokacin. Wannan tafiya ce ta daban, ka ware mata nata lokacin.

Yanzu tsarin hanya. Ka cire bakin arewa. Daga bakin kudu zaka hango shi ga shi nan, mil goma ne kawai a miƙe, amma hangen Dala ba shiga birni bane, da mota sai ka zagaya sama da mil 200, awa huɗu da rabi zuwa biyar, ta Cameron da gadar Nabaho da Jacob Lake. Ga kuma gobarar dajin da ta tashi a can a Yulin 2025 ta ƙone tsohon masaukin Grand Canyon Lodge da gine-gine da yawa. Bryce ma a kwana biyar da yara zan ce ka bar shi, wajen yana da kyau na ban mamaki amma zai maida tafiyar taku zaman mota ne kawai. Abin da ya rage zobe ne mai kyau na kusan mil 700: Las Vegas zuwa bakin kudu kusan mil 280, awa huɗu da rabi, ta madatsar Hoover da Kingman da Williams, kwana biyu a can. Daga nan zuwa garin Page, kusa da Antelope Canyon, kusan awa biyu da rabi, kwana ɗaya. Page zuwa Zion ta Kanab shima kusan haka, kwana ɗaya ko biyu, sai ku gangaro Las Vegas ta babbar hanya ta 15 cikin ƙasa da awa uku.

Wani abu da yake cin mutane a Las Vegas, zaka ga tallar Grand Canyon West mai gadar gilashin nan Skywalk, ana cewa awa biyu da 'yan kai ne kawai. Wannan ƙasar ƙabilar Hualapai ce, su suke gudanar da ita tun da aka buɗe gadar a 2007, ba cikin gandun ƙasa take ba, kuɗinta daban, katin shiga gandaye baya aiki a can. Ba laifi bane zuwa, kwazazzabon ɗaya ne, amma in hoton da ke kanka shi ne wancan mai faɗi marar iyaka, na bakin kudu ne. Ka tabbata abin da ka sa a taswirar wayarka shi ne Grand Canyon Village, kar ka rubuta Grand Canyon kawai ta kai ka inda ta ga dama.

Kuɗin shiga dala 35 ne kowace mota na kwana 7, Zion ma haka, kuma akwai katin shekara na dala 80 da ke shigar da kai duk gandayen tarayya. Wannan na mazauna Amurka ne. Daga Janairun 2026 wanda ba mazauni ba an ɗora masa ƙarin dala 100 kan kowane mutum ɗan shekara 16 zuwa sama a wasu manyan gandaye 11, har da Grand Canyon da Zion da Bryce, ko kuma ya sayi katin shekara na dala 250, to in a cikinku akwai baƙo ku yi lissafin kafin ku isa get, kuma ku riƙe katin banki domin a Grand Canyon basa karɓar tsabar kuɗi. Ƙofar kudu ta wajen Tusayan tana yin layi mai tsawo daga hantsi zuwa la'asar lokacin hutu, wajen da kusan mutum miliyan 5 ke zuwa a shekara ne, ka shiga kafin 9 na safe ko da yamma liƙis. Masauki na cikin gandun irin su El Tovar, wanda yake nan tun 1905, da Bright Angel Lodge da Maswik da Yavapai suna cika tun watanni kafin lokaci. In baka samu ba Tusayan ce mafi kusa, Williams kuma awa ɗaya ce. In ka samu ɗaki a ciki ko da ya fi tsada ka kama, domin tashi ka taka da ƙafa zuwa baki da asuba ba tare da tuƙi ba ya fi komai a tafiyar.

A bakin kudu ka ajiye mota ka manta da ita, bas ɗinsu kyauta ne. Hanyar Hermit a rufe take ga motocin gida daga Maris zuwa ƙarshen Nuwamba, bas na layi mai launin ja ne ke zuwa, kuma Hopi Point a kanta yake, wajen kallon faɗuwar rana. Mather Point kowa can yake fara zuwa saboda yana jikin cibiyar baƙi, ku leƙa ku wuce, ku taka zuwa Yavapai inda akwai ɗan gidan tarihin duwatsu mai manyan tagogi. Daga nan ne hanyar da na fi so a kai yara take farawa, Trail of Time, shimfiɗaɗɗiya ce a bakin kwazazzabon, an kafa ƙananan alamun tagulla a ƙasa, kowace mita ɗaya da ka taka tana matsayin shekara miliyan ɗaya, kuma an jera ainihin duwatsun da aka ɗauko daga kowane hawa a gefen hanya, yaro zai dafa su da hannunsa. Farin dutsen da kuke tsaye a kai, Kaibab, masana sun ƙiyasta shekarunsa miliyan 270, kuma in ka duba da kyau zaka ga burbushin halittun teku a jikinsa, a kan tudun da ya fi mita dubu biyu. Baƙin dutsen can ƙasa, Vishnu, ya haura shekara biliyan 1.7. Kogin da ya yanka duk wannan kuwa aikin shekara miliyan 5 zuwa 6 ne a ƙiyasin mafi yawansu. Tsawon kwazazzabon mil 277 ne in aka bi kogi, faɗinsa a wani wajen ya kai mil 18, zurfinsa kusan mil guda. In kaga kogin kore ne maimakon ja kar kayi mamaki, madatsar Glen Canyon da ke Page ce take tare lakar tun shekarun 1960, sai an yi ruwan sama rafukan gefe sun zubo sannan yake komawa launinsa na da.

Kuma ina so ka gaya wa yaran cewa wajen nan gidan mutane ne tun kafin a maida shi gandun ƙasa a 1919. Ƙabilu 11 ne suke da alaƙa da shi. In ka leƙa ƙasa daga bakin Bright Angel zaka ga wani ɗan koren tsiri na itatuwa a tsakiyar busasshen fili, nan 'yan Havasupai suke noma a bakin maɓuɓɓuga, aka tilasta musu tashi, na ƙarshensu an fitar da shi a 1928. Shekaru da dama ana kiran wajen Indian Garden, sai a 2022 aka sauya zuwa Havasupai Gardens bisa roƙon ƙabilar. Har yau suna zaune a cikin kwazazzabon, a ƙauyen Supai can yamma, inda mota bata zuwa.

Yaran nan ku riƙe su da kyau, yawancin bakin babu shinge, kuma ƙasar gefen tsakuwa ce mai zamewa. Ba hoton da ya kai a tsallaka ƙarfe saboda shi. Kuregun wajen sun saba da mutane har jaka suke buɗewa, kuma su ne suka fi kowace dabba cizon baƙi a gandun, kar yaro ya miƙa musu hannu, ciyar da su ma laifi ne. Akwai wasu ƙattin barewa da suke kira elk suna yawo har cikin wajen fakin, a basu tazara sosai. Kar a jefa dutse ƙasa, akwai mutane a hanyoyin da baka gani. Jirgi marar matuƙi haramun ne a duk gandayen ƙasa. Tsayin wajen kuma yana sa haki da ɗan ciwon kai a ranar farko, in akwai mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma a cikinku ya bi a hankali.

Ranar tafiya Page ku fita ta gabas, hanyar Desert View, mil 23 ne da wuraren tsayawa da yawa, Lipan Point na cikin inda aka fi ganin kogin sosai, a ƙarshe ga hasumiyar dutse da mai zanen gine-gine Mary Colter ta zana aka gama a 1932. Daga nan kun shiga ƙasar ƙabilar Nabaho.

A nan sai na ja hankalinka kan ruwa, ba na sha ba, na sama. Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba damina ce a wannan hamadar, safiya garau, bayan azahar hadari ya haɗo, tsawa da walƙiya da ruwa kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci. A kan baki hatsarin tsawa ne, da ka ji rugugi ka bar gefen rami da ƙarƙashin bishiya ka shiga mota ko gini. A matsattsun kwazazzabai kuma hatsarin ambaliya ne, ƙasar dutse ce bata shan ruwa, duk abin da ya zuba a fili mai faɗin mil da yawa sai ya tattaru ya bi ta tsaga ɗaya, ya taho da laka da itatuwa da duwatsu, kuma ba sai an yi ruwan a kanka ba. A watan Agustan 1997 mutum 11 suka rasu a Lower Antelope Canyon, ruwan can nesa aka yi shi, inda suke kusan ba a yi komai ba. A Satumban 2015 mutum 7 suka rasu a Keyhole Canyon cikin Zion. Antelope ba a shiga sai da ɗan jagora na Nabaho kuma sai ka kama gurbi tun da wuri, in suka ce an soke saboda hadari kar kayi musu da su ko kana ganin rana tarwai. A kan titi ma in kaga ruwa ya ratsa hanya ka tsaya ka jira, yawanci baya daɗewa yake janyewa.

Agogo ma zai iya sa ka rasa gurbin naka. Arizona bata sauya lokaci da bazara, jihar Yuta inda Zion yake tana sauyawa, ƙasar Nabaho ma tana sauyawa duk da tana cikin Arizona. A Yuli Las Vegas da Grand Canyon da Page agogonsu ɗaya, Yuta da ƙasar Nabaho suna gaba da awa ɗaya. Page tana bakin iyaka, wayarka zata riƙa kamo sabis ɗin Yuta tana tsalle da kanta, to ka kashe sauyin kai tsaye ka saita ta kan lokacin Phoenix, babban birnin Arizona, masu kai mutane Antelope da lokacin Page suke aiki, amma ka sake dubawa a takardar da suka turo maka. Horseshoe Bend, wajen kallon lanƙwasar kogin kusa da Page, 'yar tafiya ce ta kusan mil ɗaya da rabi zuwa da dawowa, a fili take fetal, ku je da sassafe, kuma fakin ɗin na garin Page ne ana biya daban.

Zion a Yuli zafi ne sosai, yana wuce digiri 38, domin a can ƙasan kwarin kake, saɓanin Grand Canyon da kake kallo daga sama. In kun taho daga Kanab zaku shiga ta gabas ku bi ramin mil ɗaya da 'yan kai da aka fasa cikin dutse a 1930, kuna fitowa sai gangara mai lanƙwasa, ka sa ƙaramar giya kar ka ƙona birki. Cikin babban kwarin sai da bas, fakin na cibiyar baƙi yana cika tun da safe, in ka makara sai ka ajiye a garin Springdale ka biya. Da yara ku yi Riverside Walk har inda hanya ta ƙare a bakin kogin Virgin, daga nan Narrows take farawa, tafiya ce cikin ruwa tsakanin bangaye masu tsayi, ku ɗan shiga in hasashen ambaliya na ranar ya nuna ba hatsari, ana liƙa shi a cibiyar baƙi. Takalmi rufaffe da sanda, kuma kar a sha ruwan kogin ko a nutsa kai a ciki, akwai gansakuka mai guba da hukumar take gargaɗi a kanta tun 2020. Angels Landing sai da famit na ƙuri'a tun 2022, sarƙa ake kamawa a kan siririn doron dutse rami hagu rami dama, ba wajen yara bane.

Motar kanta, kafin ka bar wajen haya ka buɗe but ka ga ko akwai tayar ajiya da jak, motoci da yawa na yanzu basa zuwa da ita, ka gwada esi, ka duba iskar tayu. Yarjejeniyar haya galibi ta hana bin hanyar da ba kwalta kuma inshora bata biya in abu ya faru a can, to duk gajeriyar hanyar da taswira ta nuna maka ta cikin daji ka ƙyale ta. Ka sauke taswirar a waya tun kana da intanet domin sabis yana ɗaukewa na dogon zango. Tanki in ya kai rabi ka cika a gidan mai na gaba. Ruwa galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana, da ƙarin wasu galan biyu ko uku da ba a taɓawa sai mota ta lalace, ku saya a babban kanti tun a Las Vegas ko Kingman tare da kular sanyaya ruwa da ƙanƙara. In ta lalace ɗin ku zauna kusa da ita a inuwa, kar wani ya ce zai taka ya nemo taimako da tsakar rana. Kar a bar yaro a mota a kulle ko na minti biyu ne. Tuƙin dare ka rage shi iya yinka, hanyar 64 tsakanin Williams da Tusayan elk na tsallakawa, a ƙasar Nabaho kuma dawaki da shanu da tumaki sake suke babu shinge, ga duhu na gaske. Ku taho da rigar sanyi mara nauyi domin asubar bakin kudu tana da sanyi ko a Yuli, da tocila, kuma dare ɗaya ku fito bayan isha ku kashe fitilu ku ɗaga kai, gandun yana cikin wuraren da aka ba shaidar duhun sama tun 2019.

In ranakun hutun naka zasu motsu, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ya fi Yuli ta kowace fuska, zafi ya sauka, damina ta wuce, cunkoso ya ragu. In kuma hutun makarantar yara ne ya ɗaure ka, to ku maida yininku gida biyu, fita daga asuba zuwa 10, hutu da abinci da tuƙi cikin esi da tsakar rana, sake fita bayan 4. Ɗakin bakin kudu da gurbin Antelope su zaka fara kamawa yau ɗin nan, sauran duk zasu iya jira.